Iri Bakwai a Gwangwanin Man Zafi

Assalamu alaikum, masu bina a wannan shafi. Kafin wata ta fara yi mini wa'azi a wurin sharhi, bari in riga ta faɗa da bakina: ni Ummulkhairi Garba, 'yar Sabon Gari a Gusau, mai shekara ashirin da biyar da takardar koyarwa a ƙasan akwati, na yi wata huɗu cur ina kishi da macen da sai nan da shekara ɗari biyu za a haife ta. Na san yadda maganar take a kunne. Ku dai bari in kai ƙarshe, sannan ku yanke mini hukunci.

Ga wadda yau ta fara karantawa: Tukur shi ne mai nemana, shekara biyu ke nan. Malamin aikin gona ne a wata sakandare a Bungudu, dogo, siriri, mai babur ɗin da in an yi ruwa sai an tura shi yake tashi. Ba shi da hayaniya, ba ya kallon mata a hanya, Baba ma ya shaida yana da kunya. Laifinsa ɗaya, marubuci ne.

Kuma ba irin rubutun da muka saba ba ne, na gidan bene da mota mai baƙin gilashi da miji mai shan ƙamshi. Shi nasa labarin kimiyya ne, na zamanin da bai zo ba, sunansa Ranar da Gulbi Ya Dawo. A cikinsa Zamfara ta mutu murus. An sare itatuwa an yi gawayi, gubar haƙar zinare ta shiga rijiyoyi, gulbi ya zama hanyar yashi. Mutanen Gusau da Tsafe sun koma zama cikin tsofaffin ramukan haƙa, an rufe samansu da gilashi, wasu injuna na tatso musu ruwan sha daga iska, kofi biyu ga kowane mutum a wuni. In za ka fita waje sai ka ɗaura abin rufe hanci mai tankin iska a baya. Masana sun yi shekaru suna shuka iri a ɗakunan gwaji, ko ɗaya bai tsiro ba. Sai ga wata Ladidi, 'yar makiyaya, da awakinta goma sha ɗaya, na ƙarshe da suka rage a duniya. Ita ta gano cewa 'ya'yan gawo ba sa son tsirowa sai sun bi ta cikin akuya tukuna. Abin da injuna suka kasa, kashin akuya ya yi shi.

Da biro yake rubutawa a littafin makaranta mai shafi tamanin, ni kuma in buga a waya in tura guruf ɗin masu karatu duk ranar Talata. Tasa wayar ta tsage, kuma da yatsa ɗaya yake bugu, sai ya shekara bai gama babi ba. Mun kai mutum ɗari takwas a guruf ɗin. Ba zan yi muku ƙarya ba, da farko don neman suna a wurinsa nake yi, daga baya labarin ya kama ni. Babin da aka yi ruwan sama na farko, yara suka ruga cikin rami suna kuka don ba su taɓa ganin ruwa ya faɗo daga sama ba, sai da na ajiye waya na share hawaye da bakin zanina.

To, ranar Ƙaramar Sallah ya zo mini barka da Sallah. Na ci leshina ruwan zuma, na yafa gyale mai duwatsu, hannuna ya sha lalle ja da baƙi har gwiwar hannu. Shi kuwa shaddarsa ce ruwan toka ta bara, an dai sa mata sitaci. Muna zaune a zaure ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini wani ɗan gwangwani, irin na man zafi. Na ce a raina zobe ne. Na buɗe a hankali ina murmushi, sai na ga wasu 'ya'yan itace guda bakwai, ja-ja-ja masu sheƙi, kwance a kan auduga.

Ya ce gawo ne, in adana masa, akwai maganarsu. Kafin ya ƙara komai abokan Baba suka yi sallama, dole muka tashi muka ba su zauren. Na yi godiya ta tsakanin haƙora. A ranar wata ƙawata ta ɗora hoton sabuwar wayar da saurayinta ya saya mata, da turare kwalba uku. Ni kuwa abincin akuya aka ba ni. Ko kayan Sallar ban cire ba na zagaya bayan gida na juye su a bola, na wanke gwangwanin da omo, na zuba 'yan kunnayena a ciki. Gwangwanin dai yana da kyau, murfinsa na kamawa.

Mako biyu bayan haka ya kawo mini babi na goma sha biyu. Ina zaune a tsakar gida bayan azahar, ina bugawa ina cin gyaɗa, sai na iso wurin da ya bayyana yadda ake neman aure a wancan zamanin. Babu lefe, babu akwati, don babu audugar da za a saƙa atamfa. Namiji iri yake kawo wa mace a tafin hannu. In ta karɓa ta shuka ta raya shi da rabin ruwan shanta, to ta amsa masa ke nan. Na ture gyaɗar gefe. Na karanta wurin sau uku. Ashe abin da bawan Allah yake nufi ke nan, ni kuma na kai bola.

Wallahi na yi niyyar zuwa in tona bolar nan a ranar. Na ma sa silifa. Sai na ce bari in tura babin tukuna, ina buɗe waya sai ga sabon hoto a sitatus ɗinsa. Layi-layi na baƙaƙen ledoji cike da ƙasa, kowace da ɗan tsiro, a tsakiyarsu wata doguwar mace ta durƙusa tana dariya, wushiryarta a waje. A ƙasa ya rubuta: "Alhamdu lillahi, irin da na ba Adama ya tsiro. Ɗari uku."

Ɗari uku. Ni bakwai. Wato aure yake rabawa da mudu, ni ragowar ƙasan kwano ce ta iso gare ni. Na cire silifana na koma na zauna, bolar ba ta ƙara zuwa mini a rai ba.

Adama 'yar Karakkai ce, 'yar wani makiyayi mai suna Labbo. Ta yi difloma a kan gandun daji, ta dawo gida tana renon itatuwa a bakin fadama. Duk Asabar Tukur yana can, wai suna shawo kan manoma su dasa gawo a gonakinsu. Ya gaya mini wannan tun tuni, ban sa a ka ba, don a tunanina wata tsohuwa ce mai goro a baki. Da na ƙara girman hoton nan na ƙare mata kallo, sai na ji kamar na santa. Doguwa, baƙa, wushirya, tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Na koma babi na biyu, inda aka fara ganin Ladidi. Doguwa, baƙa, wushirya, tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Ko hannun bai canza ba.

Ni kuwa, ga wadda ba ta taɓa ganina ba, gajera ce, fara, haƙorana a haɗe suke kamar an jera su da gangan.

Daga ranar karatuna ya canza. Yatsuna na buga bayanin ƙasa da taki da injin tace guba, amma idona na can gaba yana farautar inda za a ambaci Ladidi. Ya ce tafiyarta kaza, in ji zuciyata ta yi baƙi. Ya ce muryarta kaza, in kasa cin tuwo. 'Yan guruf kuma ba su taimaka ba. Wata ta rubuta, "Malam Tukur, anya ba son Ladidin nan kake da gaske ba?" Aka bi ta da fuskokin dariya sun fi arba'in. Adama ma tana cikin guruf ɗin, ta sa tata dariyar guda ɗaya. Na adana lambarta a wayata da sunan Mai Awaki.

Sau ɗaya na gan ta ido da ido. Ita da Tukur sun shigo Gusau sayen ledojin reno, suka biyo ta rumfar Baba a kasuwa, inda yake sayar da kwanuka da robobi, ni kuma ina tsare masa ya tafi masallaci. Atamfa ce a jikinta duk ta koɗe, hijabi ruwan ƙasa, takalmin roba. Ko hoda babu a fuskarta, kuma abin haushin ba ta buƙata. Ta gaishe ni har da rusunawa, ta ce ashe ni ce Anti Khairi mai buga musu labari, ta ce duk Talata da la'asar takan tara manoma a ƙofar gidansu ta karanta musu, har tsofaffi ba sa bari ya wuce su. Na ce madalla. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, don na san abin da zan yi da zagi. Shi kuma gogan yana tsaye riƙe da ƙunshin ledoji yana murmushi, wai shi a dole ya haɗa mutanensa biyu.

A gida kuma wata wutar ake hura mini. Gwaggo Mairo, ƙanwar Baba da ke aure a Tsafe, duk mako biyu tana tafe. Ta iso da hantsi, ta juya kafin la'asar saboda halin hanya, amma 'yan awoyin nan sun ishe ta. Akwai ɗan wan mijinta, Mansur, mai manyan motoci uku da ke ɗaukar hatsi daga kasuwar Tsafe zuwa kudu. Ba shi da aibu, sai dai in yana magana da ke idonsa na kan waya.

"Ke ɗiyar ga, mi kike jira?" in ji Gwaggo, tana kwance ƙullin daddawar da ta kawo wa Inna. "Mutum shekara biyu shina zuwa da littahi awa ɗan makaranta. Littahin za ki dahwa in an kai ki?"

Na ce aiki ne da shi. Ta ce ta ji, aikin tara kashin awaki.

Baba ba mai yi wa 'ya'yansa dole ba ne, amma ya gaji da sintirin Gwaggo, kuma ya gaji da mutane suna tambayarsa a masallaci. Farkon watan nan ya kira ni bayan ya karya, ya ce in gaya wa malamina, in Juma'ar ƙarshen wata ta zo bai turo magabatansa ba, shi zai ba Mairo amsar da take so ta ji, sai dai in ni na ce a'a da bakina a gaban kowa. Na tura wa Tukur saƙon kamar yadda aka faɗa. Ya amsa da kalma uku: "In sha Allah." Na yi ta kallon saƙon ina jiran ci gaba. Ci gaban da ya zo bayan awa ɗaya shi ne, wai babi na talatin ya kusa, in tanadi data.

Litinin ɗin nan da ta wuce ya aiko mini da littafin ta hannun direban motar Bungudu. Saura kwana huɗu wa'adin Baba ya cika. Na shiga ɗaki na kunna fanka na buɗe. A babin, Arzika, injiniyan da ke kula da injinan ruwa, wanda tun farkon labari yake bin Ladidi da ido, ya fito daga rami da iri a tafin hannunsa zai kai mata. Sai Tukur ya tsaya ya yi shafi guda cur a kan hannun Ladidi. Faso, kanta, ƙasa a ƙarƙashin farce, tabon nan na ƙuna. Ya ce Arzika bai taɓa ganin abu mai kyau kamar hannun nan ba, don duk koren da ke duniya ta cikinsa ya biyo.

Na dubi nawa hannun. Sumul, ga sabon lalle, ga zobe biyu. Shekara biyu bai taɓa ce mini hannuna na da kyau ba.

'Yan uwa, idona ya rufe. Na ture littafin na rubuta nawa babin. Na kawo damina tsakiyarta, na haɗa hadari baƙi ƙirin, na sa Ladidi ta gudu ta fake a ƙarƙashin babban gawonta, wanda na ce ganyensa ya yi luf-luf, kore shar, ko ɗigon ruwa ba ya ratsa shi. Sannan na saukar mata da tsawa. Na kashe ta, na kashe awaki huɗu a kan hanya don kada a ce na yi son kai. Arzika ya iso ya tarar da toka. Na karanta, na ga ya yi kyau, har na yaba wa kaina. Talata da hantsi na tura da sunan Tukur kamar kullum, na shiga kicin na dafa taliya na ci da manja, na ƙoshi irin ƙoshin da na manta rabona da shi.

Na zaci kuka za a yi. Da na buɗe waya bayan azahar, dariya na tarar.

"Malam Tukur, gawo da ganye a damina?"

"Wannan gawon na Turai ne?"

"Ni ɗan Mada ne, a gona na tashi. Gawo da rani yake ganye, damina na sauka ya zubar ya tsaya tsirara. Shi ya sa ake barin shi cikin gero, ba ya tare rana. Malamin gona guda bai san wannan ba?"

Na fito tsakar gida da waya a hannu na tambayi Inna, wai gaskiya ne gawo ba ya ganye da damina. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko wuta na da zafi, ta ce ko akuyar gidan nan ta sani. Kafin magariba mutum sittin sun fita daga guruf. Tukur bai kira ba, bai turo saƙo ba, ni ma na kasa.

Jiya Laraba bayan la'asar na ji ƙarar babur ɗinsa. Na sa doguwar riga baƙa, ban shafa komai ba, na fita zaure na zauna a bakin tabarma ina shirin faɗa, don na riga na tsara abin da zan ce. Muka gaisa, ya tambayi lafiyar Inna kamar kullum. Sannan ya gaya mini, cikin muryarsa ta yau da gobe, cewa Adama ta tara mutane ranar Talata ta fara karatu ba tare da ta duba ba, ta kai tsakiya ta tsaya. Mahaifinta Labbo ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana a gona ba. Manoma tara da suka yi alkawarin karɓar dashe a makon nan, uku kaɗai suka zo.

"Ba kashe ta da kika yi ya dame ni ba, Khairi," in ji shi. "Babi na sha tara gaba ɗaya a kan ganyen gawo yake. Ke kika buga shi da hannunki."

Ban tuna ba. Wallahi ko layi ɗaya ban tuna ba. Kunya ta kama ni, kuma ni in kunya ta kama ni masifa nake yi. Na ce ai dole in manta, tunda an cika mini ido da hannun Adama. Na lissafa masa wushirya, na lissafa tabo, na ce in aurenta zai yi ya faɗa mini tun kafin Juma'a in san inda na dosa, ba sai an yi ta wanke ta a littafi ni ina bugawa kamar baiwa ba.

Bai musa ba, abin da ya ƙara ƙona ni ke nan. Ya ce gaskiya ne, hannun Ladidi na Adama ne, don bai san wani hannun mace mai dashe ba. Tafiyarta kuma ta mahaifiyarsa ce.

"Amma bakinta fa?" ya ce. "Wadda ta ce wa shugaban masana ya je ya tambayi akuya? Wadda in ta ji kunya sai ta hau faɗa? Duk wanda ya san ki a guruf ya gane. Ke kaɗai ce ba ki gane ba."

Sai na jawo makamina na ƙarshe, na ce to iri fa, ita ɗari uku ni bakwai.

Ya ce na Adama a turken awakin kasuwar Bungudu aka tsince su, da shi da ɗalibansa, kowa ma zai iya samu. Nawa daban ne. A gonar mahaifinsa a Mada akwai wani gawo da kakansa ya bari, a gindinsa mahaifiyarsa take ajiye shi tana kai abinci gona. Bayan rasuwar mahaifin aka raba gado, gefen ya faɗa wa wani ɗan uwa, shi kuma ya sayar wa masu gawayi da ranin bana. Tukur ya samu labari ya hau babur, ya tarar har an gama sara an fara haɗa wuta. A cikin rassan da suka rage ya samu kwanso biyu da ƙwari ba su ci ba. Iri bakwai ne a ciki. A ranar ya sayi littafin makaranta ya fara gyara labarin nan daga farko.

Jama'a, bolar nan ce ta faɗo mini a rai. Ina jin kazar Inna tana tono a tsakar gida, ina jin mai gyaran takalmi yana wucewa a waje, amma hankalina yana can bayan gida.

Ya ce ya biya ta rumfar Baba kafin ya zo nan, sun yi magana, kawunnansa za su zo Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ce ya yi fushi, kuma bai gama hucewa ba, amma fushi daban, aure daban. Babin zai gyara, zai ce wa masu karatu kuskure aka yi, ba zai ambaci sunana ba. Abin da na yi wata huɗu ina jira ke nan, ya zo mini a lokacin da ba ni da bakin yin murna.

Ya tashi ya sa hularsa, har ya kai ƙofa ya juyo.

"Kin shuka su, ko suna cikin gwangwanin?"

Allah Ya gani, na so in faɗi gaskiya. Ta zo har bakin harshena. Sai na ji kaina na ce, "Suna ciki."

"To ki fito mini da su ranar Juma'a in jiƙa, damina na tafiya. Tsohuwa ta ce a ƙofar gidanmu za a dasa na farko, tana so ta gani da idonta."

Ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba na zagaya bayan gida da tsinken kara. Babu bola. Wuri ya yi fes, sai ciyawa. Na dawo na tambayi Inna, ta ce tun bazara masu amalanke suka kwashe ta suka kai gonaki, kamar yadda suke yi duk shekara, kuma ita ba ta san gonar wa ba, me na jefar ne? Na ce ɗan kunne. Duk da haka na koma na durƙusa na bi ciyawar nan ɗaya bayan ɗaya har aka kira magariba, lallena duk ya yi ƙasa. Ko da tsiron gawo na wurin ma ban san kamanninsa ba.

Yau Alhamis. Tun safe Inna ta sa an wanke manyan kuloli, an aiko da lemo katan biyu, Gwaggo Mairo ta bugo waya tana cewa ita dai ta zuba ido. Ni ina ɗaki da gwangwani a cinya. Na yi tunanin duk wanda na sani a Gusau, babu mai 'ya'yan gawo a ajiye. Mutum ɗaya ce tak. Na nemo Mai Awaki a waya, na dube ta na ajiye, na sake ɗauka. Da hantsi na danna.

Ta ɗauka a bugu na biyu, ana jin kukan 'yan awaki a bayanta. Ta gaishe ni da ladabin nan nata, ba ta ambaci babin ba ko da wasa. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce ina son irin gawo guda bakwai, yau, zan aiko direba, kuma ba sai kowa ya ji ba.

Ba ta tambaye ni dalili ba, na kuwa san ta gane.

"Iri akwai, Anti Khairi, ko tiya kike so," ta ce. "Sai dai nashi bakwai ɗin ba su ɓacewa cikin wasu. Kowane sai da yag goga mishi dutse gefe guda, don shi sha ruwa da wuri. Gabana yay yi, nan bakin fadama."

Na ce to.

"Ran nan na roƙe shi guda ɗaya tak, in shuka ƙofar ɗakina. Yah hana ni. Yac ce suna da mai su." Ta ja numfashi. "Kuma ba don icce na roƙa ba. Na karanta babi na sha biyu tun shina cikin littahi. Kin dai gane."

Na gane. Wata huɗu ina zarginta da samun abin da ta roƙa aka hana ta, aka kawo mini har zaure a kan auduga.

"Na san yadda yag goga su, hannuna na iyawa," ta ce a hankali. "Ba ya ganewa, ni kuma ba ni faɗi. Amma duk ranar da iccen nan yat tashi ƙofar gidanku, tsohuwarshi tana shafa shi tana kiran sunan mijinta, ni da ke mun san na turken kasuwa na. To ki zaɓa. In goga miki, ko ke za ki gaya mishi da bakinki?"

Ta ce direban Bungudu na ƙarshe yana tashi da la'asar, tana jiran kirana. Yanzu ƙarfe biyu da kwata. Na juye 'yan kunnayen a kan gado, gwangwanin yana hannuna babu komai a ciki, lambarta da tasa suna jere a fuskar wayata, kuma Inna tana ƙwala mini kira in fito in zaɓi atamfar da zan sa gobe.